Salansa mai ƙara: tana tsare mai babur, ko hana unguwa barci kawai take yi?

Na yi shekara 9 ina kabu-kabu a cikin garin Sakkwato kafin in ajiye, in buɗe ɗan shagon kayan gyaran babur. Tun da na zauna a shagon nan, da wuya mako ya ƙare wani matashi bai zo neman salansa "mai magana" ba, da wuya kuma ya ƙare wani dattijo bai tsaya a bakin rumfa yana faɗa a kan yaran da suka hana mutane runtsawa ba. Tambayoyin iri ɗaya ne suke ta dawowa, na gaji da maimaita amsa da baki, shi ya sa na tara su wuri guda. Kafin wani ya tona, gara in faɗa da kaina: ni ma na taɓa fasa salansa, na kuma yi kusan shekara biyu ina taƙama da ita.

Me ke cikin salansa, me kuma ake cirewa idan an fasa ta?

Injin babur wuta yake kamawa a ciki, sau dubbai a minti ɗaya. Ɗauki Boxer ɗin nan da ya cika gari. Idan injinsa yana juyawa sau 6,000 a minti, mai yana fashewa a kan fistin sau ɗaya a kowane juyi biyu, sau 3,000 ke nan, wato sau 50 a kowace daƙiƙa. Kowace fashewa tana turo hayaƙi mai zafi waje da ƙarfi, wannan turowar ce kake ji. Aikin salansa shi ne ta karɓi hayaƙin, ta zagaya da shi ta cikin 'yan ɗakuna da bututu mai huda-huda, ya baje, ya huce, sannan ya fita a hankali. Mu a nan hanji muke ce wa abin da ke cikin. Idan yaro ya ce a fasa masa, mai walda zai yanke bayanta, ya zare hanjin, ya mayar ya liƙe, aikin da bai kai rabin awa ba. Wasu ƙarfe suke samu su zura su huda, wasu kuma su sayi wadda dama fanko aka ƙero ta.

Wa ya fara cewa ƙarar salansa tana ceton rai?

Daga Amurka maganar ta fito, wajen masu hawan manyan babura irin su Harley-Davidson, waɗanda injinsu ya ninka na Boxer sau goma ko fiye. Suna buga ta a riga, suna liƙa ta a jikin babur, wai idan direban mota bai gan ka ba, zai ji ka. Mu ta bidiyon Facebook da TikTok ta iso mana. Amma a faɗi gaskiya, yaranmu sun daɗe suna fasa salansa kafin su ji wannan magana. Son a juyo a kalle su ne ya fara, hujjar daga baya aka tsinto ta. Can Amurkan ma ba kowa ya yarda ba: babbar ƙungiyar masu babur ta ƙasar, AMA, wadda aka kafa tun 1924, ta daɗe tana gaya wa mambobinta cewa ƙara mai yawa ita ke jawo musu baƙin jini da dokokin da ke takura musu.

To gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne?

Tashi ka dubi inda bakin salansarka yake kallo. Baya yake kallo. Yanzu tuna duk haɗarin da ka taɓa gani da idonka a garin nan, ko a Gawon Nama, ko a Dandima, ko a kan baifas, ka tambayi kanka ta ina abin ya zo wa mai babur. Mota ce ta fito daga kwana ba ta tsaya ba. Mai keke napep ne ya juya ba sigina don an tsayar da shi. Wani ne ya buɗe ƙofar mota bai duba ba. Yaro ne ya yanko titi da gudu. Tifa ce ta mutu a kan hanya da dare, ko ganye ba a sa mata ba. Dukkansu a gabanka suke.

Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. A 1981 wani malamin Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Harry Hurt, ya fitar da rahoto a kan haɗurran babur 900 da shi da abokan aikinsa suka bi diddiginsu ɗaya bayan ɗaya a birnin Los Anjales. Kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, galibi mota, kuma a kashi biyu cikin uku na waɗannan direban ne ya shiga hanyar mai babur. Abin da aka fi gani shi ne mota mai zuwa ta gaba ta karya kwana ta yanke gaban babur a mahaɗar hanya. Waɗanda aka buge ta baya kaɗan ne ƙwarai. Wani babban binciken da aka yi a ƙasashen Turai biyar a 1999 da 2000, a kan haɗurra 921, shi ma abin da ya fi tararwa ke nan: direba bai lura da babur ba sai da aka haɗu.

Ƙarar da kake zubarwa a bayanka, wanda ka riga ka wuce ne yake shan ta. Ihu bayan hari ke nan.

Kai me ya sa ka daina?

Wata safiya ce cikin hazo, ina kan Titin Abdullahi Fodiyo, ba fasinja, ina sauri in riga abokan aiki zuwa wata kwana da ake samun 'yan makaranta. Salansata a lokacin, abokaina tsokanata suke yi wai in na tayar da babur a Mabera a Arkilla ake ji. Wata farar mota mai zuwa ta gabana ta sa kai za ta shiga layin da ke hannun damana. Na taka birki, tayar baya ta ja, na tafi na daki ƙofarta ta baya. Da na yunƙura zan tashi sai na ga hannuna ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Direban dattijo ne mai farin gemu. Ya fito jikinsa yana rawa, yana salati, abin da yake ta maimaitawa shi ne: "Wallahi ɗana, ban gane ka ba, ban gane ka ba." Ga wanda ba Basakkwace ba, ban gan ka ba yake nufi. Kuma bai yi ƙarya ba. Fitilata a kashe take, rigata ruwan ƙasa ce, sak kalar hazon, madubai kuwa na daɗe da kwance su wai suna ɓata wa babur tsari. Abin da ban manta ba shi ne babur ɗin yana kwance a kwalta, totur ya maƙale, yana ta ruri kamar zai tsaga kunne, har sai da wani mai shayi ya zo ya zare makullin. Wata uku na yi a hannun mai ɗori, wanda ya ba ni babur ɗin yana aiko yaro tambayar balas.

Amma ai direba yana jin ƙarar ko da bai ganni ba?

Yana ji, amma yaushe? Da desibel ake auna ƙara, kuma a fili, duk sanda nisa ya ninka, tana raguwa da kusan desibel 6. Salansar da aka auna ta kai 100 a rabin mita, a mita 1 ta koma 94, a mita 4 ta koma 82, a mita 16 ta koma 70. Wannan ga wanda ke bayanta ne, na gaba abin da ke isa gare shi bai kai haka ba. Ragowar kuma sai ta ratsa gilas da ƙarfen mota, ta yi kokawa da ƙugin injin motar, da ƙarar taya, da esi, da rediyo, ga waya a kunne. A 2020 wata ƙungiyar masu babur a Romaniya ta haɗa kai da Jami'ar Politehnica ta Bukarest suka gwada wannan, suka sa na'urar awo a cikin mota suna tayar da babura a nisa daban-daban. Daga mita 15 ba a jin su a cikin motar, a mita 10 da ƙyar, sai sun zo daf da ita.

Yi lissafi da kanka. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Mita 15 ba ta ma kai daƙiƙa ba. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido ake so direba ya ji, ya gane babur ne, ya gano ta inda yake zuwa, ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai birki. Wurin gano ta inda yake zuwa ma akwai matsala, domin ƙugi mai kauri irin na salansa kunne ba ya saurin gane wajen da ya fito, balle a lungunan cikin gari inda katanga ke mayar da shi. Sai ka ga direba yana waige hagu, kai kana dama.

Motocinmu ai mafi yawa gilas a sauke suke, keke napep kuma ko ƙofa ba shi da ita. Awon Turawa ya shafe mu?

Wannan tambayar ta fi kowace ƙarfi, ba zan kuma yi wa masu ita rowar gaskiya ba. Direban tasi da gilas ɗinsa ya daina hawa tun zamanin mulkin soja lallai ya fi Bature mai esi jin abin da ke waje. A cunkoson bakin Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa, inda kowa ke tafiyar hawainiya, mai tafiya a ƙasa yana jin babur a bayansa ya raɓe. Na yarda da wannan.

Sai dai lafiyayyar salansa ma ana jin ta a irin wannan kusancin, babur ai ba keke ba ne. Sannan idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Wurin da babura hamsin ke ruri, ga injin niƙa, ga janareta, ga lasifikar mai maganin basir, kunne daina bambancewa yake yi, mutum ya saba har ya daina waigowa. Ƙarar da kowa ke da ita ba ta sanar da zuwan kowa.

Akwai kuma firgita, wadda masu hujjar ba sa sa ta a lissafi. Garin nan ba na motoci kaɗai ba ne. Akwai jaki da mangalarsa, akwai raƙumi da kaya, akwai shanu da tumaki a hanyar Kara. Dabba in ta razana ba ta tambayar inda ya dace ta nufa. Mutum ma haka yake: tsohuwa ta ci rabin titi, ta ji ruri a kanta, maimakon ta ƙarasa sai ta juya da baya, daidai inda ka karkata don ka kauce mata. Na ga wannan ba sau ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ƙarar ke yi wa mai ita. Da zarar ka sa a ranka cewa kowa ya ji zuwanka, sai ka daina rage gudu a mahaɗa. Na sani, domin haka nake yi a da.

To idan ina so a ji ni fa?

Ga hon. Gaba yake kallo, sautinsa siriri ne da kunne ke saurin gane inda ya fito, kuma kai kake zaɓar sanda za ka danna. Yawancin yaran da ke zuwa min da wannan hujja, in na miƙa hannu na danna hon ɗin babur ɗinsu, ya mutu tun bara.

Shin fasa salansa yana ƙara wa babur gudu?

A ƙaramin injin 100 ko 125, kunnenka ne ke yaudararka. Masu ƙera babur sun daidaita kafireta da salansa su yi aiki tare. In ka zare hanji ba ka taɓa kafireta ba, sau da yawa iska sai ta rinjayi mai a cikin injin, ya riƙa zafi fiye da ƙima, ƙarfin ɗaukar kaya daga tsaye ya ragu, ya riƙa harbi in ka saki totur. Injunan nan iska ce ke sanyaya su, babu lagireto, ga Sakkwato inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Bawul ɗin hayaƙi ne ke fara ƙonewa. Ni dai ina sayar da bawul, kuma na san fuskokin da suka fi dawowa saye.

Akwai inda maganar ta samo asali, don kada a ce na ɓoye. Tsofaffin Suzuki da Jincheng masu hayaƙi, waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, salansarsu takan toshe da baƙin gawayi, babur ya riƙa nishi ba ya ja. Mai irin wannan in ya huda sai ya ji babur ya saki, ya ɗauka hudawar ce magani. Toshewar ce cutar. Bakanike na gari cire ta yake yi ya ƙone dattin ya kakkaɓe ya mayar, babur ya dawo daidai ba tare da an tara wa unguwa jama'a ba.

Batun mai kuwa, wanda ya fasa salansa ba ya iya barin totur ya huta, ko a tsaye yake sai ya murɗa don a ji. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, duk murɗawa ɗaya kuɗin koko ne.

Ni mai hawan, tana yi min wata illa?

Kai ne ka fi kowa kusa da ita, kai ne kuma ba ka wucewa. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke amfani da shi ya ce desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. Ɗan kabu-kabu yana fita bayan asuba, wani sai bayan isha zai ajiye. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gashi da ke ɗaukar sauti, in sun mutu ba sa sake fitowa. Alamar farko ita ce ƙaran nan siriri kamar kukan gyare da kake ji in ka kwanta da dare. Daga nan sai ka fara ce wa fasinja "me ka ce?" sau uku kafin ka ji unguwar da za shi. Mai babur da ba ya jin hon ɗin tirela a bayansa, wace kariya ta rage masa?

Ba ƙorafin tsofaffi ba ne kawai? Ƙara ai ba ta kisa.

Wanda ya faɗi haka bai kwana a tsakar gida a watan Afrilu ba. Daga Maris zuwa farkon damina rabin garin nan a waje yake kwana, ɗaki ba ya shiguwa, wuta ba ta nan, babu gilas ko bango tsakanin mai barci da titi. Uwa ta yi awa biyu tana fifita jariri har ya samu ya yi shiru, wani ya shigo layi ƙarfe ɗaya na dare ya murɗa sau uku a ƙofar gidansu don a zo a buɗe masa. Ga mai hawan jini, ga mai jinya, ga ɗalibi mai jarrabawa da safe, ga direban da zai kama hanyar Gusau da asuba ido ba barci. Wannan na ƙarshen, rashin barcinsa a kan wani mai babur zai iya ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar dare a wajen gida ta wuce desibel 40 a matsakaici, ta kuma danganta daɗewa cikin hayaniyar ababen hawa da ciwon zuciya. A birnin Faris, cibiyar da ke auna hayaniya, Bruitparif, ta ƙiyasta cewa babur ɗaya mai fasasshiyar salansa in ya ratsa gari da dare yana iya tayar da mutum har 10,000.

Mu kuma muna da wani abin da mutanen Faris ba su da shi. A unguwannin bayan gari akwai iyalai da suka baro Isa, da Sabon Birni, da Goronyo, da Rabah, saboda 'yan bindiga. A garuruwansu ƙugin babura cikin dare ma'ana ɗaya gare shi, har ta kai a 2021 gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare saboda tsaro. Wata baiwar Allah da ke zuwa sayen ruwa kusa da shagona, ranar da wani yaro ya saki totur salansarsa ta yi harbi, jarkar ta yar ta durƙusa a bayan benci, ta rungume ɗanta, ta daɗe ba ta ɗago ba. Yaron ya wuce yana dariya da abokinsa, bai ma san an yi ba.

Doka ta hana?

Dokokin hanya na ƙasa sun buƙaci abin hawa ya kasance da salansa mai aiki, kuma jami'an duba lafiyar ababen hawa da na Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna iya tsayar da wanda bai cika sharaɗi ba. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ita ma tana da ƙa'idojin taƙaita hayaniya tun 2009. A takarda ke nan. A kan titi kowa ya san an fi tambayar lamba da takardu. Wasu ƙasashen sun wuce nan: yankin Tirol na Ostiriya ya rufe wasu hanyoyi ga baburan da ƙararsu a tsaye ta haura desibel 95 tun 2020, Faransa kuma a 2022 ta fara gwada na'urorin da ke jin ƙara su ɗauki hoton lamba. Duk inda aka yi irin wannan doka, masu babur na kirki ma sai ta shafe su, albarkacin 'yan tsiraru.

Malamai fa, me suka ce?

Ni ba malami ba ne, amma yaron da ya yi makarantar allo ya san nasihar Luƙmanu ga ɗansa a aya ta 19 ta Suratu Luƙman, cewa ya sassauta muryarsa, ya kuma san da muryar dabbar da aka kwatanta mafi munin sauti. Ya san cewa kame cuta yana cikin haƙƙin hanya, ya san matsayin maƙwabci. Wanda ke son ƙarin bayani, limamin unguwarsu yana nan.

Ranar kai amarya da gangamin siyasa fa? Ai farin ciki ne.

Wannan ai ba wanda ma yake cewa don tsaro ne. Samari ashirin sun jero, an kwance salansa, wani ya ɗaga tayar gaba, wani ya miƙe tsaye a kan kujera, mutum uku-uku ba mai hula. Sau nawa aka tashi daga gidan biki aka koma zaman gaisuwa? Ango ne ko abokinsa babba ke da ikon cewa ba ya so, kuma in suka faɗa da gaske ana ji.

Babura masu lantarki da ake ta magana ba su da ƙara sam. Wannan ba haɗari ba ne?

Yana iya zama, ga mai tafiya a ƙasa da makaho, musamman a ƙaramin gudu. Shi ya sa Tarayyar Turai, daga Yulin 2019, ta wajabta wa sababbin samfuran motoci masu lantarki su riƙa fitar da sauti idan gudunsu bai wuce kilomita 20 a awa ba. Amma dubi adadin da aka sa: daga desibel 56 zuwa 75, kwatankwacin motar da injinta ke aiki lafiya. Sautin da mai tsallaka titi ke buƙata ke nan, kuma Boxer ɗinka yana da shi tun daga kwali.

In ba ƙara ba, me ke tsare mai babur?

Gani ya kori ji. Kunna fitila da rana. Maleshiya ta wajabta haka a 1992, haɗurran da ke faruwa don ba a ga babur ba suka ragu da kusan kashi 29 cikin 100. Indiya, inda ake ƙera Boxer da TVS, tun Afrilun 2017 sababbin baburan da ake sayarwa a can fitilarsu ba ta kasuwa in inji na aiki. A nan kuwa in ka kunna, duk wanda ka gamu da shi sai ya buɗe maka yatsu ya rufe, wai ka manta fitila. Ɗaga masa hannu ka wuce. Man da take ci bai taka kara ya karya ba, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, in hazo ya sauko, ita ce kaɗai ake hangowa daga nesa.

Sa riga mai haske. Mayar da madubanka. Gyara birkin gaba ka koyi kama shi tare da na baya, domin mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake, yawancinmu kuma da ƙafa kaɗai muke tsayawa. Duk motar da ka gani a bakin kwana, ɗauka ba ta gan ka ba, kalli tayarta ta gaba, ita ke fara gaya maka abin da direba zai yi. Kada ka raɓi tirela ta gefe a randabawul: in ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba, kuma ƙugin injinsa ya shanye naka.

Sai hular kwano, wadda na san ba a son jin zancenta. Da aka ce dole ne a ranar 1 ga Janairun 2009, wasu a Arewa ƙwarya suka kifa, wasu tukunya, aka yi dariya, aka watsar. Amma binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Akwai zafi, ban musa ba. Kuɗin salansa mai magana dai ya isa sayen ta.

Ɗan maƙwabcina ne ke hana mu barci. Yaya zan yi ba tare da an ɓata ba?

Kada ka tare shi a gaban abokansa, gobe sau biyar zai murɗa maimakon uku. Samu mahaifinsa bayan sallar magariba, ko mai unguwa, in kuma ɗan kabu-kabu ne, shugaban tasharsu yana da ta cewa fiye da yadda kake zato. Dabarar da na ga ta fi aiki, wani tsoho ne a layinmu ya yi ta. Ya kira yaron gefe, fuska ba fushi, ya ce: "Ɗana, wanga mashin naka lahiya? Tun jiya nika jin shi shina kuka. In ciwo shika yi, mu tahi ga bakanike, ni ka biya." Yaron ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, ya ce: "A'a Baba, lahiya lau shike." Bai gyara salansar ba sai bayan wata biyu, amma daga daren nan a bakin layi yake kashe babur ya turo shi gida.

Na riga na fasa tawa. Ana iya mayar da ita?

In hanjin yana nan, mai walda zai iya mayarwa, amma galibi an riga an jefa shi cikin kayan gwangwan. Sayi sabuwa daidai da samfurin babur ɗinka, ko ta hannu wadda ba a taɓa yanka ta ba; girgiza ta ka leƙa bakinta kafin ka biya. A sauya gasket ɗin wuya, domin in yana yoyo ƙarar ba za ta tafi ba. A cire fulogi a duba: in kansa ya yi fari fat, injin ya daɗe yana ƙishirwar mai, sai bakanike ya daidaita kafireta ya kuma duba bawul, in ya yi kalar soyayyar gyaɗa, lafiya lau. Makon farko za ka ji kamar babur ya yi sanyi. Duba agogo daga Mabera zuwa Runjin Sambo, ka kwatanta da yadda kake yi a da, sannan ka zo mu yi magana.

Tawa tsohuwar tana nan a bayan shago, da ita nake tokare ƙofa in iskar hadari ta taso.